Kuben da Babu Wuƙa

Tun hantsi nake zaune a tashar kwalekwale ta Yelwa. Jirgin Wara bai zo ba, gajiya ta hana ni ko mita. Kusa da ni wani dattijo ne siriri, rigarsa ta koɗe, dugadugansa duk faso. Ban san sunansa ba, amma harshensa na mutanen tsibiri ne, irin waɗanda aka tasa bara da ruwan Kainji ya shanye garuruwansu.

Ya shimfiɗa fatar akuya a cinyarsa, wuƙaƙe jere a kai, wata mai ƙotar ƙaho, wata 'yar ƙarama ta yankan albasa. Yana zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tsumma mai man gyaɗa, ya ambaci sunan wani ƙauye a hankali, ya mayar cikin kube. Ina jin shekaru ya yi yana bin maƙera, kowane gari ya sayi guda, matarsa tana yi masa faɗa.

Wata mai sayar da kifi ta matso. "Baba, ara mini guda in gyara kifi."

"Waɗanga ba su yanka, ɗiyata. Garuruwan da anka ƙera su duk suna ƙarƙashin ruwa."

Ta nuna wani kube da babu komai a ciki. "Wanga fa?"

"Ta garinmu ce. Na soke ta a jinkar ɗakina ranar tashi, na ce in na dawo kwasar sauran kaya in ɗauka."

Ya ɗauki kuben, ya shafa masa mai kamar sauran, ya mayar da shi gurbinsa.