Busar da Kawu Ya Yi a Yamai

Jiya ina hura gawayin shayi numfashina ya ɗan sarƙe, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Ya yi shekaru yana fasa dutse a ramukan ma'adinai na arewa, ya komo garinmu Filinge da tari mai ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano. In tarin ya katse masa hira, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakanta, dutse na gaishe ku."

Da kamfanin ya ce zai biya diyya ga waɗanda ƙura ta ci wa huhu, ni na raka shi Yamai. Tun a mota nake roƙonsa, "Kawu, don Allah kada ka nuna ƙarfi a gaban likita."

Likitar, wata matashiya, ta miƙa masa bututu ya busa a auna numfashinsa. Kawu ya gyara hula, ya tattaro duk iskar da ta rage masa, ya busa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Aka ce da sauran ƙarfinsa, aka rage diyyar.

A waje ya zube gindin bishiya, ƙirjinsa na kuka. Na ce, "Kawu, don mi?"

Ya ce, "Ɗiyar mutane na kallona. Ni ɗan ƙasar Kurfai, in kasa busa ɗan kara?"

Ranar har gida ban yi masa magana ba. Yau kuwa da zan sake jin tarin nan a zaure, da na gode.

Allah ya ba shi iskar Aljanna, ya shaƙa har ya ƙoshi, ba mai aunawa.