Ɗakunan Tsalle Huɗu da Garba Ya Bari

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Garba mai walda, Allah ya jiƙansa. Ni ɗan kasuwa ne, tayoyin babur da tamfal nake sayarwa a Anka, kuma ban iya tuna mutum ba sai da lissafi. 'Ya'ya uku Allah ya ba shi. Biyu suka rasu a shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu, lokacin da ake kawo dutsen zinare cikin gida ana dakawa a turmin da ake daka gero. Saura ɗaya, Rabi, tana rarrafe. Duk abin da zan faɗa a nan saboda ita aka yi shi.

Likitocin da suka zo sun yi masa bayani ƙarara. Gubar tana cikin ƙasar tsakar gida, yaro ya taɓa ya kai hannu baki, shi ke nan. An kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa, amma Garba bai sake yarda da ƙasa ba. Ya kwaso matarsa Hassu da yarinyar suka dawo gidana a Anka. Rabi ta zama 'yar kan gado. Ta sauka a mayar da ita, ta yi kuka har muryarta ta shaƙe. Da ta fara tafiya sai abin ya gagara.

Wata rana wani direba ya nuna masa bidiyo a waya, yaran wata ƙasa suna tsalle a kan wani abu mai lilo cikin babban ɗaki. Garba ya kalla ya sake kalla. Ya zo shagona ya ce, "Yaya, ɗiya ba ta zama bisa gado. Sai dai gadon ya koma wasa. Ba ni tamfal da tsofaffin tib na taya."

Ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi da'ira, ya yanyanka tib ya ɗaure tamfal a tsakiya. Na farko ni ya sa na gwada, wai idan ya ɗauki tumbina zai ɗauki kowa. Bai ɗauka ba. Na yi kwanaki ina salla a zaune, shi kuwa duk wanda ya shigo sai ya ba shi labari. Na biyu ya tsaya daram. Muka kafa shi a tsohon sitona da ke manne da gida, mai daɓen siminti da rufin kwano. Yara suka raɗa masa suna gadon tsalle.

Doka ɗaya ya kafa. Randa a bakin ƙofa, da butoci da sabulu. Takalmi a waje. A wanke ƙafa har gwiwa, hannu har gwiwar hannu, sannan a shiga. Ɗan hakimi ma sai ya wanke.

Ni na ga kasuwa a ciki, ban ɓoye ba. Yaran unguwa suka cika sito, na ƙauye suka fara zuwa ranar kasuwa. Na ce mu buɗe wani. Na zuba kaya, shi ya zuba aiki. Muka kafa a Bukkuyum kusa da tasha, sannan Nasarawa Burkullu, sannan Gummi, inda ba ruwansu da maganar guba, daɗin tsallen kawai suka ji. Mai kuɗi ya ba da abin shiga, maras shi ya kawo gero a kwano. Ka ga ɗan acaba ya sauke yara huɗu a babur ɗaya, duk ƙafafunsu fari fat da ƙurar hanya, suna rige-rigen buta.

Sai wata magana ta ɓulla a bakin mata, ban san wadda ta fara ta ba. Wai tsallen yana zazzage gubar daga jikin yaro, kamar yadda ake bakace tsaki ya rabu da gari. Wai shi ya sa ake wanke ƙafa, don gubar ta samu hanyar fita. Maganar ta riga mu isa garuruwan da ba mu taɓa takawa ba, jama'a ta ninka. Hankalin Garba ya tashi. Na ce masa ya ƙyale, tunda dai suna zuwa suna wanke hannu, ai ribar ke nan. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai komai riba. Wanda ya ɗauka ya sha magani, yaushe zai nemi magani?"

Ba a jima ba wata mata ta zo ɗakin Bukkuyum daga wajen Gwashi, goye da yaro wanda wuyansa ya saki, idanunsa sun juye. Ta wanke masa ƙafa da kanta, ta miƙa wa Garba shi.

"Malam, ɗora min shi. An ce ko sau uku ya yi sama, abin zai zube."

"Inna, wanga ba magani ba ne. Tamfal ne da tsohuwar roba. Ni na ɗinka shi."

"To mi ya sa taka ɗiyar ta rayu?"

Garba ya miƙe. Ya rufe ɗakin, ya ɗora su a babur ɗinsa har asibitin Anka. Yaron ya tashi. Daga nan Garba ya ɗauko wani aikin da ba ya cikin cinikinmu. Duk ranar kasuwar wani ƙauye sai ya je, ya tsaya inda mata ke sayar da nono da kuka, yana ƙaryata kayansa da bakinsa. Ban taɓa ganin mai sana'a yana yawo yana rage wa hajarsa daraja ba sai shi. A irin wannan tafiyar ce 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Gwashi. Suka ɗauki babur, suka bar mana gawa. Motar wake ce ta kawo shi.

Kwanakin baya na je Abuja saro kaya, wani abokin ciniki ya kai ni wani katafaren kanti. A bene na sama na ga ainihin abin da Garba ya gani a waya. Ɗaki ya fi filin ƙwallon unguwarmu, sanyi kamar cikin randa, bango har da katifa. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce suna da rassa a manyan birane, kuma suna ƙara buɗewa. Na tambaye ta ina ake wanke ƙafa. Ta yi dariya, ta nuna min safa da suke sayarwa. Na san da Garba na nan sai ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi ya ga yadda aka yi waldar. Bayan haka zai tambaya ko za su kai reshe inda yara ke buƙatarsa don su rayu. Na san amsar, ni ma ɗan kasuwa ne. Ba wanda zai kai.

Namu rassan kuwa, ga yadda suka ƙare. Na Nasarawa, mai tsaronsa ya gudu da iyalinsa, aka ɓalle kwanon rufin. Na Bukkuyum na rufe shi da hannuna da ƙauyuka suka daina zuwa kasuwa. Na Gummi ya koma siton shinkafa, don ba zan riƙa bin wannan hanyar saboda roba ta tsinke ba. Na Anka kaɗai ya rage, shi ma ba a tsalle a kansa. Mutanen da aka kora daga ƙauyukansu ne a ciki. Iyaye mata suna kwana a siminti, yara a jere a kan tamfal. Hassu na cika randar kullum, kuma har yanzu ba yaron da ke hawa bai wanke ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mazan ba su da gona, ba su da shanu. Suna zuwa ramin zinare su dawo da dutse a buhu, suna dakawa a bayan siton, jikin katangar gidana. Da safe ina shafa tagar ɗakin Rabi in ga ƙurar a yatsana. Na sami dattijon cikinsu na yi masa magana. Ya ce, "Alhaji, mun sani. Mu ma mun binne namu. To mi za mu ci?" Na kai musu dawa, ta ƙare, turmi ya dawo. Na je ofis-ofis, kowa ya ce a yi haƙuri. Korar su ba zan iya ba, ɗakin Garba ne, kuma 'ya'yansu ma 'ya'ya ne.

Rabi ta kai shekara goma. Karatu na yi mata nauyi, hannunta na hagu yana rawa idan ta gaji. Likita ya ce min abin da ta sha tana jaririya bai gama barin ƙashinta ba, kada a ƙara mata. Yayarmu da ke aure a Gummi ta ce in kawo ta. Hanyar Gummi kuwa ta ratsa dajin da ya ci ubanta. Na ɗaure kayanta na kwance ya fi a ƙirga. Jiya Rabi ta same ni a kan buhun kayanta ta ce, "Baba, in mun tafi wa zai hana yaran hawa tamfal da datti?"

Duk wanda ke da iko kuma ya karanta wannan, wurin dakan dutse nake roƙo a ware wa mutanen nan nesa da gidaje. Ban roƙi komai bayan wannan ba.

Na saba rufe shekara da lissafi, to ga na Garba. Ɗakuna huɗu, uku sun tafi, ɗaya ya koma makwanci. Jarin da na zuba ya tafi, ban yi kukansa ba. Mai aikin ya tafi. Riba ɗaya tak ya bar min, tana da rai, tana kira na Baba, kuma yau ban san inda zan ajiye ta ba.