Halliru Mai Keken Fatsa

Duk ƙasar Gummi babu wanda ya yi wa Halliru dariya kamar ni, kuma hurumina ne: taubashina ne, ɗan goggona. Ni sunana Uba, gyaran keken ɗinki nake yi a bakin kasuwa. Shi kuwa masunci ne ɗan masunci, mutumin Tungar Sambo da ke bakin gulbi. Sai dai ba da kifi aka san shi ba, da tarkacen ƙarfe aka san shi.

Yana saurayi ya tafi ci-rani Ikko, ya samu aikin wanke jiragen wasu masu hali da ke fita teku kamun kifi don nishaɗi. A can ya ga abin da ya sa wa suna keken fatsa. Ƙarfe ne dunƙulalle kamar babban gwangwanin madara, ana naɗe zare a cikinsa a ɗaura shi a sanda, jirgi na tafe yana jan ƙugiya a baya. A gefensa akwai wani ɗan hannu da ake turawa gaba ko baya, shi ne birki. In kifi ya fizga da ƙarfi a sassauta masa, zare ya tafi yana kuka ƙirrr; in ya gaji a matse. Wata rana ubangidansa ya yar da wani tsohon keken fatsa da gishiri ya ci, Halliru ya tsince shi. Daga nan ciwon son kekunan ya kama shi, bai kuma sake shi ba.

Cikin shekara talatin ya tara goma sha ɗaya, duk tsofaffin ƙira, wasu sun girme shi. Direbobin motar shanu sun san shi, su ke tono masa su a wurin 'yan gwangwan na kudu. Ko ɗaya bai taɓa kama masa kifi ba. Ina zai kama? Gulbinmu da rani wando kawai za ka naɗe ka haye, tarwaɗar da ke ciki kuwa homa, 'yar komar hannu, ta ishe ta. Da birgi, komar jifa mai dalma, da mamari mai jerin ƙugiyoyi yake ciyar da gidansa. Matarsa Hamida takan ce da ita ma ƙarfe ce da ba ta taɓa yin kaushi ba.

Yana da tsarinsa da ba ya saɓawa. Da zarar hadari ya fara haɗuwa sai ya kwance su duka gunduwa-gunduwa, ya wanke da kananzir, ya shafe da giris, ya ƙulle kayan kowanne a tsummansa daban, wai laima ba ta da imani. Bayan kaka ya shimfiɗa farin ƙyalle ya mayar da su, yini guda keke guda. Sau nawa yana kirana!

"Uba, taho ka koyi abin ga. Hannunka ya san ƙarhe."

"In koyi mi? Ranad da teku taz zo Gummi ka aiko a kira ni."

Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge-gogensa. Na ji daɗin maganar nan har na riƙa maimaita ta a majalisa.

Bara, farkon damina, 'yan bindiga suka tashi Tungar Sambo. Wanda ya tsira da rigar jikinsa ya tsira. Halliru da Hamida suka sauka a gidana. Kwalekwalensa ya tafi, komarsa ta tafi, ban ji ya ambace su ko sau ɗaya ba. Amma duk lokacin da aka yi ruwa sai ya fito ya tsaya yana kallon gabas. Kekunan suna can a kwance cikin tukunya, ya binne ta ƙarƙashin rumbu tun kafin tashin hankalin.

Da ya cika wata biyu ya ce zai je ya ɗauko su. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce mutane na gudu da ransu, shi zai koma don gwangwani? Hamida ta durƙusa tana kuka. Abin da ya ce kawai shi ne, "Laima na cin su." Da hantsi ya hau bayan Bilyaminu ɗan kabu-kabu suka tafi.

Ana kiran azahar Bilyaminu ya dawo shi kaɗai, leɓensa a fashe. Ya ce sun tono tukunyar lafiya, sun juye a buhu. A hanyar dawowa 'yan sa-kai na wani gari suka tare su. Ba zan faɗi sunan garin ba. Shekaranjiyar ranar suka binne mutum tara da 'yan bindiga suka kashe musu. To ga mutum ya fito daga kufai, inda babu mai shiga sai ɓarayi, da buhu cike da ƙarafa masu maiƙo: ga sifirin, ga ƙananan hannuwa masu kama da kunamar bindiga, ga dalmar birgi da ya haɗo da ita. Suka ce sun kama mai yi wa 'yan bindiga gyaran makamai.

"Sunanka yak kira," in ji Bilyaminu. "Sun ce in shina da shaida ta taho kamin la'asar. In ba haka ba daji za su shiga da shi."

Kowa ya san wanda aka shiga daji da shi ba ya dawowa. Na suri jakar kayan aikina muka tafi.

Na same shi ɗaure a gindin tsamiya. Fuskar ta kumbura, yatsun hannu biyun an daddake su da gindin bindiga. Shugabansu wani ne Ɗanmusa, wanda mahaifinsa na cikin tara ɗin nan. Idonsa a bushe yake ƙamas. Na rantse masa da Allah kayan kifi ne.

"Kowa rantsuwa shikai," ya ce. "In kayan kihi na, haɗa muna guda mu gani."

Sun riga sun zazzage ƙullin duka wuri ɗaya, kayan keke goma sha ɗaya sun cakuɗe cikin rairayi. Ni da nake kwance keken ɗinki ido rufe, na durƙusa gaban tulin nan ban san kai ba ban san gindi ba. Mai iyawa yana nan taku uku daga gare ni, ba shi da hannu.

Da baki ya riƙa yi mini jagora, maganar na fita da kyar. "Ba wanga ba. Na tagulla. Juya shi." In ɗauko, ya girgiza kai. In sa, ya ƙi zama, in kwance. Noti ya suɓuce mini cikin ƙasa sau uku. Inuwar tsamiyar ta bar kansa ta koma gefe, na ga jini na bin kunnensa yana ɗiga a kafaɗa. Na roƙi a ba shi ruwa, aka ce in gama tukuna. Abin da, da na koya, zai ɗauke ni ɗan lokaci kaɗan, shi na kwashe fiye da awa biyu ina lalube.

Da na ɗaure notin ƙarshe sai na ciro zaren ɗinki a jakata na naɗa, na miƙa wa Ɗanmusa bakinsa na ce ya ja. Ya ja. Keken ya yi kuka ƙirrr. Na tura birki, zaren ya tsaya cak. Na sassauta, ya sake tafiya.

"Ku kwance shi," in ji Ɗanmusa. Ya dubi ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri."

Iyakar abin da muka samu ke nan. Har yau zuciyata na tafasa in na tuna. Amma da za mu fita garin na ga sababbin kaburbura tara a jere, na rasa inda zan sauke fushin.

Muka sa shi a tsakiya, Bilyaminu na tuƙi ina riƙe da shi ta baya. A tafin hannuna akwai wani ɗan zoben tagulla mai kama da anini, wanda ya nuna mini in ɗauko amma na rasa gurbinsa, na dunƙule shi don kada su gani. Ashe shi ya gani. Ya jingino kansa a ƙirjina.

"Ka bar guda waje, makaho. Shina kuka, amma ba shi riƙe babban kihi."

"Mu kai gida ka gwada min wurinai."

"Ashe dai teku ta zo Gummi," ya ce, na ji kafaɗarsa ta motsa alamar dariya.

Ba mu kai asibiti da shi ba. Muna hango rufin kwanon gari na ji nauyinsa ya canza a hannuna.

Bayan jana'izarsa Hamida ta ce kada ta ƙara ganin buhun, don haka yana shagona, ƙarƙashin tebur. Goman ban taɓa su ba. Wanda na haɗa kuwa na kwance shi ya fi sau ashirin, a kan farin ƙyalle, yadda yake yi. Na kai wa masu gyaran agogo, na kai wa makanikai har Anka, kowa ya juya zoben ya miƙo mini. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan ya san inda yake shiga, kuma shekara talatin ya yi yana kirana in zo ya nuna mini.