Bangon da Muka Shafe da Farar Ƙasa

Gidanmu yana can gangaren unguwar Briqueterie, inda duk ruwan unguwa yake haɗuwa kafin ya faɗa rafi. Tun ina ƙarama, duk ranar da ruwa ya shigo mana, Inna takan ɗauki gawayi ta ja layi a bangon zaure daidai inda ya tsaya. Da layukan nan na riƙa auna tsayina. Na shekarar da na shiga lycée, wato sakandare, ya kai ƙirjina.

Wata damina mai unguwa ya aiko cewa gwamnati ta ware kuɗin gina babbar magudana, kuma ma'aikata za su zo su ga gidajen da ruwa yake ci, don a san inda aikin zai bi. Baba ya ce baƙi ba za su tarar da zaurensa da ƙazanta ba. Ya sayo farar ƙasa a kasuwar Mokolo, muka wuni muna shafe bangon. Inna ta ɓoye katifar da ta yi funfuna, ta turara ɗaki. Har yau ina tuna yadda zauren ya yi haske, na ji daɗi.

Su biyu suka zo, mace da namiji, da takardu a hannu. Ni ce tafinta, don Baba ba ya jin Faransanci sosai. Matar ta tambaya ko ruwa yana damunmu.

"Gaya mata mun gode Allah," in ji Baba. "Ɗan abin da ba a rasa ba."

Na ce a hankali, "Baba, bara fa a kan tebur muka ɗora Kaka."

"Ke! Tonon asiri aka kira ki yi, ko fassara?"

Na fassara yadda ya faɗa. Matar ta dubi farin bango, ta yi rubutu kaɗan, suka sha shayi suka tafi.

An gina magudanar, mai faɗi, da siminti. Amma ta ƙare ne lungu biyu sama da namu. Yanzu ruwan da a da yake yawo cikin lunguna kafin ya iso, a dunƙule yake zuwa, da gudu, ja kamar ƙasar tudu, ɗauke da robobi da takalma. An ce akwai kashi na biyu na aikin, in an sami kuɗi. Na kai takardar koke ofishinsu sau uku, kullum sai a nuna mini abin da matar ta rubuta ranar nan: wai ruwa ba ya damun gidanmu.

Da hadari ya haɗo daga wajen unguwar Cité Verte, nakan hau shiri. Ina nannaɗe tabarmi, ina sauraron kwata, ina duban Kaka wadda ba ta iya tashi da kanta.

Makon jiya ruwa ya sake shigo mana, ya ja baya da la'asar. Baba ya daɗe tsaye a zaure, wandonsa a jiƙe. Sai ya miƙo mini gawayi.

"Ja layin, 'yata. Ki ɗauki hotonsa da wayarki."

Sai da na ɗaga hannu sama da kafaɗata.