Udar Inna a Fadama

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau aka ɗauke ni aikin malamin dabbobi, don na iya rubutun boko, kuma ba na gudun ƙahon bijimi. Wata damina ruwa ya yi yawa, sauro ya cika ƙasa, tumaki masu ciki suka yi ta ɓari. Baturen likitan dabbobi ya ce shi sauro yake zargi. Ya ba ni littafi, ya ce in bi ƙauyuka in duba masu ciki, in rubuta inda aka yi ɓari, in gargaɗi mutane su raba dabbobi da fadama, su riƙa yi musu hayaƙi da yamma.

Da baki kam babu wuya. Amma a ƙasarmu ba a nuna wa kowa dabba mai ciki, saboda tsoron kambun baka. Daga Tsafe har Ruwan Bore, duk gidan da na shiga raguna nake tararwa. Ga kashin tumaki ɗanye a turke, maigida zai dube ni ya ce rabonsa da tunkiya tun bara. Na yi lallashi, na yi faɗa, har muryata ta dushe.

Na ce to, Nahuce dai gida ne. Can Inna, mahaifiyata, take zaune wajen ƙanenta tun rasuwar mahaifinmu. Tunkiya ɗaya gare ta, uda, kuma tana da ciki. Inna ba ta taɓa layya da ragon kanta ba, a kan cikin nan ta ɗora burinta. Ni da wautata sai na aika tun daga Bungudu cewa ina nan tafe nan da kwana uku.

Na iso, turke wayam.

"Kawu, ina udar Inna?"

"Ta tahi kiwo."

"Wane kiwo da damina, ko'ina shuka?"

"Malam," in ji shi, shi da ya goye ni ina yaro, "kai da littahi ka zaka. Rubuta abin da ka ishe."

Na bi sawu har fadama. Can na tarar da tumakin gidan a ɗaure cikin ciyawa, kwanansu uku, sauro ya yi baƙi a kunnuwansu. Wurin da na yi wata guda ina hana mutane, nan kawuna ya zaɓa don ya ɓoye mini su! Raina ya ɓaci. Na koro su gida, na haɗa hayaƙin kashin shanu da kaina. Sannan na durƙusa na shafa cikin udar, bakina ya suɓuce na ce, "Inna, ai tagwaye ne." Inna ta kau da kai.

Bayan mako guda aka aiko mini udar ta yi ɓari. Tagwayen ne kuwa.

Da na je jaje, Kawu bai bari na zauna ba. "Kwana ukku tana hwadama lahiya lau. Kai ka taɓa ta, kai ka ce tagwaye." Na fara bayanin sauro, na ga babu mai saurare. Na dubi Inna ko za ta sa baki. Ta ce haka Allah ya so, ta miƙo mini fura. A zaure na buɗe littafin na rubuta: Nahuce, tunkiya ɗaya. Shi ne ɓari na farko da wani ya yarda ya gaya mini.

Da wata daminar udar ta sake ɗaukar ciki. Na zo gaida Inna, ban riƙo littafi ba, na yi sallama daga ƙofar gida. Kafin ta amsa, sai na ji tana jan zana da sauri tana rufe bakin turken.