Layar da Bamalli Ya Kai Banki

Har yau in aka ambaci Bamalli mai doya a Suleja, sai wani ya ce, "Wanda ya firgita akawun banki da laya?" Shi ne. Amma fa ba da nufi ya yi ba. Mutum ne da ko akuya ta ci masa doya a kasuwar Diko, sai dai ya yi mata nasiha.

A shekarar 1979 'yarsa Luba tana Ingila tana koyon aikin ungozoma. Ta aiko da wasiƙa cewa in kuɗin jarrabawa ba su iso kafin ƙarshen wata ba, shekararta ta tafi a banza. Ta haɗo da wata 'yar takarda mai harufan boko takwas, ta ce da su ake gane bankinta a duk duniya, ko ɗaya ya goge kuɗin sun bi wata hanya. "Baba, ka adana ta kamar ranka."

Ga damina, ga gara a ɗaki. Bamalli kuwa hanya ɗaya ya sani ta adana rubutu mai daraja. Ya nufi wurin Garba baduku, aka naɗe takardar, aka ɗinke ta da jar fata, ya rataya a wuya.

Ranar Litinin ya bi layi a banki. Callistus, akawun da ke buga waya ƙasashen waje, ya ce, "Baba, ina lambar?" Bamalli ya zaro laya daga taguwa ya tura ta taga. Callistus ya zabura da baya, kujera ta kife.

"Baba, me na yi maka? Ni aikina kawai nake yi!"

"Ɗana, ai ita za ta kai kuɗin. Karɓi mana."

"Ba zan taɓa ba!"

Sai da Bamalli ya fita ya jawo wanzamin da ke bakin titi, aka farke ɗinkin a gaban jama'a, shi kuwa yana ta faɗin, "A hankali, kada ka yanka mini harafi!" Takarda ta fito fes. Callistus ya kwafe harufan. Bayan mako biyu Luba ta aiko cewa kuɗi sun iso, ta rubuta jarrabawa.

Tun daga nan Sha'aibu, abokin wasansa, ba ya barin sa ya wuce lafiya. "Malam Bamalli, a rubuta mini irin taka mana!"

Bamalli yakan gyara hula ya ce, "Yi dariyarka. Duk layun nan da suka cika maka wuya, wacce ta taɓa kai ko kwabo Ingila?"