Saura Kaɗan a Goge Muryar Tsoho

"Sai dai a yi mata fomatin, a goge komai." Haka wani mai gyara a Tambuwal ya ce mini, ko kunna kwamfutar bai yi ba.

Ni na harhaɗa ta da hannuna, da ita nake tace bidiyon bukukuwa. Shekaranjiya na ɗora mata sabon tsari, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sai allo ya rikice. Fuskokin mutane suka baje kamar faranti, manhajar tace bidiyo ta ƙi buɗewa. Na ɗaure ta a bayan babur tun daga Kebbe na kawo masa.

Na ce, "Malam, akwai bidiyon walimar saukar Alƙur'ani a ciki. Tsohon da ya rufe taron da addu'a ya rasu makon jiya, kuma 'ya'yansa ba su da muryarsa ko'ina sai nan."

Ko kallona bai yi ba. "To mi kaka so in yi? Kowa haka nika yi mai."

Kowa! Wallahi raina ya ɓaci. Na kwashi kayana na tafi shagon abokina inda sabis ke da ƙarfi. Na cire tsohon direban katin hoto, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya fitar da hoto a allo, na sauke wanda ya dace da sabon tsarin daga intanet. Shi ke nan fa! Hoto ya dawo tas, ga tsoho ya ɗaga hannu yana addu'a.

Abin da ke cina a rai shi ne wannan "kowa". Muryoyin iyaye nawa ya goge? Ku faɗa mini, wa aka taɓa yi wa haka?